Yatsan Marigayi

A unguwar Italiyawa da ke kudancin Filadelfiya babu mai kiran Gaetano Scarpitti da sunansa. Marigayi ake ce masa. Mai kawo wasiƙa haka yake kiransa, likitansa haka, limamin coci ma in ya sha'afa sai ya ce, "Marigayi, ban gan ka ranar Lahadi ba." Shekara hamsin ke nan ana wannan, alhali mutumin yana nan da ransa, shekararsa saba'in da tara, yana tashi da taliya faranti biyu ya nemi burodin suɗe miya.

Abin ya samo asali ne a 1974, lokacin da wani darakta mai baƙin rai, Orrin Vasko, ya sauka a unguwar da motoci da fitilu, ya ce zai yi fim a kan manyan 'yan daba masu kwat da hular malafa. Sunan fim ɗin Ɗakin Sanyi. Unguwa kaf ta shiga. Tsofaffi suka fito a 'yan caca, mata suka fito a masu kukan jana'iza, mahauci Bellanti ya ba da shagonsa kyauta har da naman da ke rataye. Gaetano, wato Tano a taƙaice, wanda a lokacin direban motar burodi ne mai shekara ashirin da tara, shi aka ba aikin da ya fi na kowa sauƙi. An ce ya kwanta a kan tebur cikin ɗakin sanyin mahaucin, a lulluɓe shi da farin ƙyalle, ƙafafunsa kawai a waje. Ubangidan 'yan dabar zai tsaya a kansa daƙiƙa arba'in bai ce uffan ba. Shi ke nan aikin. Ko itace aka ajiye zai iya.

A daƙiƙa ta talatin da ɗaya, babban yatsan ƙafar dama ta gawar ya lanƙwashe ya miƙe. Sau biyu.

Zaren fim ɗin da ya rage ke nan, babu na sakewa, sai aka fitar da shi haka. Ranar Juma'ar da aka fara nunawa, wata mai sharhin finafinai a jaridar gari, Lenore Pruitt, wadda alƙalaminta ya fi wuƙar Bellanti kaifi, ta rubuta cewa wannan fim ne wanda hatta gawar cikinsa ta kasa mutuwa yadda ya kamata. Mako biyu aka sauke shi daga gidajen silima. Unguwa ta juyo kan Tano. Matan da suka yi kuka a banza suka daina gaishe shi. In ya kawo burodi, mai shago kan ce, "Ajiye can, Marigayi, kuma don Allah kada ka motsa." Bellanti, wanda a ƙarshen shekarar nan ya ba shi auren 'yarsa Filomena, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kallon fuskar surukin nasa ba tare da ya fara kallon takalminsa ba.

To, masu sharhi mutane ne masu abin mamaki. Bayan shekara goma sha takwas wani Bafaranshe ya kalli fim ɗin a wani ƙaramin gidan silima da ruwa ke yoyo, ya fito yana hawaye, ya rubuta shafi talatin a kan yatsan. Ya ce tun da aka ƙirƙiro kyamara ba a taɓa yin hikima irin wannan ba: gawa ta motsa don a nuna cewa zalunci ba ya mutuwa. Masu sharhin Amurka, waɗanda ba sa jure Bafaranshe ya riga su ganin abu, suka ce ai su ma sun gani tuntuni, shiru kawai suka yi. Akwai wata mujalla da kan tara ƙuri'unsu duk shekara goma a kan finafinai ɗari da suka fi kowanne. Ɗakin Sanyi ya shigo a na casa'in da ɗaya, ya yi tsalle zuwa na talatin, a ƙidayar baya-bayan nan ya zama na shida. Vasko bai ga ko ɗaya ba, giya ta riga ta gama da shi.

Unguwa ma ta sake waƙa. Waɗanda suka daina gaishe shi suka ce su dama tun ranar farko sun san yatsan nan ba banza ba. Ɗaliban jami'a suka riƙa zuwa da motar haya suna roƙon ya cire safa su ɗauki hoto. Nunzia, ƙanwar Filomena, wadda ta mayar da shagon mahaucin gidan shan gahawa, ta fara toya biskit mai siffar yatsa, da ɗigon cakulan a wurin farce. Sunan dai bai canza ba. Da Marigayin zagi ne, yanzu na girmamawa, amma a kunnen Tano duk ɗaya suke.

Ana cikin haka fim ya kusa cika shekara hamsin, wani kamfani ya ɗauki aikin wanke shi da na'ura, a cire ƙura da tsagewa da ƙugin sauti. Masu wannan sana'a suna da doka guda da ba sa wasa da ita: abin da darakta ya nufa a bar shi, abin da ya faru bisa kuskure a gyara. Sai ga shi 'yar Vasko tana share garejin ubanta ta tsinci littafinsa na aiki. A shafin ranar ɗakin sanyi ya rubuta da jan biro: "Gawa ta motsa. A yanke. In na kama shi zan kashe shi da gaske."

Kamfani ya ce to magana ta ƙare, za a daskarar da yatsan da kwamfuta, aikin rabin yini ne. Masu sharhi suka dare gida biyu, masu cewa a bar yatsa da masu cewa a tsayar da shi, har wasu biyu suka ba hamata iska a wani taro a Boston. Da rigima ta yi yawa, kamfanin ya ce shaida ɗaya ya rage a duniya. Za a yi bikin cikar shekara hamsin a tsohon gidan silimar unguwa ranar Asabar da ƙarfe biyu, a tambayi gawar da kanta. In ta ce darakta ne ya sa ta, yatsa ya tsira. In ba haka ba, a bi littafi.

Ranar da Tano ya ji wannan labari, taliyarsa ta huce a faranti bai taɓa ba. Akwai abin da ya sani wanda mutum biyu kaɗai suka sani, kuma ɗayar ta rasu shekara shida da suka wuce.

Shekara uku ya yi yana neman Filomena bai iya buɗe baki ya ce a ba shi ba. Kullum sai ya kawo burodi ya tsaya yana zancen tayar mota. Yarinya ta gaji. Ta sami aiki a kamfanin tarho a Cleveland, ta haɗa akwatinta ba wanda ya sani, motarta ƙarfe huɗu na yamma, ranar da ake ɗaukar ɗakin sanyi. 'Yar mahauci ce, tana da makullin ƙofar baya. Ta shigo a sace, ta tsuguna bayan wata cinyar saniya da ke rataye daidai kansa, inda kyamara ba ta kaiwa. Vasko ya riga ya yi rantsuwar zai karya ƙafar duk wanda ya yi tari. Tano yana kwance cikin ƙyalle, sanyi na cin bayansa, sai ya ji murya a kunnensa: "Gaetano, motata ƙarfe huɗu. In kana so na tsaya, ka motsa."

Ya motsa abin da ya fi nisa da fuskar darakta. Ya ƙara na biyu don kada ta ce ba ta gani ba.

Da fim ya faɗi, ta sa shi ya dafa littafin addu'arta ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, don in ubanta ya ji ita ce ta rusa fim ɗin unguwa a cikin shagonsa, ba za ta ƙara taka gidan ba. Ya ɗauki zagin shi kaɗai, kuma, a gaskiya, bai taɓa jin nauyinsa sosai ba. Tun da ta rasu, duk ranar ɗaurin aurensu yakan sa faifan, ya wuce harbe-harben da ba su dame shi ba, ya tsaya a ɗakin sanyi. Ita ba ta cikin hoton, muryarta ma ƙugin injin sanyi ya haɗiye ta. Amsarsa ce kaɗai ta rage, kuma yanzu wani yaro mai kwamfuta zai goge ta kafin cin abincin rana.

Ranar Alhamis Farfesa Whitcomb Ashby ya iso gidan gahawar Nunzia yana haki. Shi ne shugaban masu cewa a bar yatsa. Littafi uku ya rubuta a kansa: na farko ya ce yatsan yana nufin Amurka bayan yaƙi, na biyu ya ce na farkon kuskure ne, coci yake nufi, na uku ya ce duka biyun daidai ne. Ya zauna gaban Tano, amma kamar kowa, ƙarƙashin tebur ya fara leƙawa.

"Baba Scarpitti, maganar ba ta da wuya," in ji shi. "In an tambaye ka, ka ce Vasko ne ya raɗa maka a kunne."

"Bai raɗa min komai ba. Abin da ya faɗa min da ƙarfi ya faɗa, kuma ba zan maimaita shi gaban mace ba."

"Wace macen?" in ji Nunzia daga bayan teburin sayarwa. "Ni? Rabin zagin da Vasko ya iya a bakina ya koya. Kai dai mijin yaya, ka ji abin da mai ilimi ke gaya maka."

"To littafin nasa fa? Da hannunsa ya ce a yanke."

Farfesa ya yi murmushin mai tausayin jahili. "Ai nan hikimar take. Babban darakta yakan rubuta akasin abin da yake nufi, don ya gwada na baya."

"Har da kashe ni ɗin?"

"Musamman shi."

Nunzia ta dire masa kofin gahawa har ya fantsalo. "Ka ga, Marigayi, kada ka kawo min tsoron Allah a nan. Biskit ɗari uku nake toyawa duk Asabar. In aka tsayar da yatsan nan, me zan sayar? Diddige? Ƙarya ɗaya ce tak, ka yi ta, Lahadi ka je coci ka faɗa wa Fada, ya ba ka addu'a uku ka karanta. Shi ma yana cin biskit ɗin."

Tano ya juya cokali a kofi. Ƙaryar ba ta dame shi ba, ya yi wa 'yan sandan hanya wadda ta fi ta. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ya ɗauki abin da ke tsakaninsa da Filomena ya miƙa wa Vasko, mutumin da bai taɓa sanin sunansa ba, "kai gawa" yake ce masa. Amma in bai miƙa ba, za a goge. Ya ce, "To. Zan faɗa."

Farfesa ya sa shi ya maimaita sau biyar, yana gyara masa inda zai yi shiru ya kalli sama.

Asabar ta zo da rana tas. Gidan silima ya cika har ana tsayuwa a bango, rabi 'yan unguwa cikin kayan coci, rabi masu sharhi da ɗalibai da tabarau. An jera kujeru huɗu gaban allo. Tano ya sa kwat ɗin da ya binne matarsa da shi. A damansa Farfesa, a hagunsa wakilin kamfani, wani saurayi mai suna Tolliver, wanda ke duba agogo kamar yana da tukunya a wuta. Kujera ta huɗu kuwa, sai da mutum biyu suka taimaka wa wata 'yar tsohuwa da sandar ƙarfe ta hau. Shekararta casa'in da ɗaya. Da aka faɗi sunanta, Lenore Pruitt, 'yan unguwa suka yi mata ihun da suka adana shekara hamsin.

Ta jawo makirufo ta ce, "Na gode. Har yanzu fim ɗin banza ne."

Tolliver ya miƙe da sauri ya ce kafin a tambayi baƙo, za a nuna wurin da ake rigima a kai, a sabon wanki, hoto da sauti. "Mun cire ƙugin injin sanyin," in ji shi. "Sai dai akwai wata 'yar ƙara da ta fito daga ƙarƙashinsa, muna zaton bututun ruwa ne. Ita ma za mu share ta ranar Litinin."

Aka kashe fitilu. Ɗakin sanyi ya bayyana fes, har ana ganin jijiyoyin naman da ke rataye. Ga ubangidan 'yan daba da hularsa a hannu, ga farin ƙyalle, ga ƙafafu biyu na saurayi, ba kaushi ba kumburi. Tano bai taɓa jin wurin shiru haka ba. Yana ƙidaya a zuci kamar yadda ya saba, ashirin da biyar, ashirin da shida, sai murya ta fito daga manyan lasifikoki, siririya, a tsorace, da ɗan fushi a ƙarshenta:

"Gaetano, motata ƙarfe huɗu. In kana so na tsaya, ka motsa."

Yatsa ya lanƙwashe ya miƙe, sau biyu.

A layi na uku wani abu ya faɗi ƙasa ya watse. Tiren biskit ɗin Nunzia ne. "Mena!" ta yi ihu cikin duhu. "Wallahi yayata Filomena ce!"

Da fitilu suka dawo, Tano yana zaune riƙe da gwiwoyinsa. Shekara shida rabonsa da muryar nan, kuma ba muryar asibiti ba ce, ta 'yar shekara ashirin da huɗu ce mai akwati a hannu. Ya ji daɗi, ya ji kewa kamar ranar aka binne ta. Tolliver ya miƙa masa makirufo. "Baba, wa ya sa ka motsa?"

Farfesa ya zungure shi, ya nuna masa sama da ido.

Tano ya ce a ransa, rantsuwar dai ta warware, tun da mai ita ta faɗa da bakinta gaban mutum ɗari huɗu. Ya ce, "Matata ce. Lokacin ba matata ba ce." Ya ba su labarin duka, da burodin, da zancen tayar mota, da akwatin, da cinyar saniyar. Ya ce Vasko bai san tana ɗakin ba, da ya sani da ya rataye su biyun tare da naman. "Ba Amurka ba ce, Farfesa, ba kuma coci ba. Tambayata aka yi, na ba da amsa. Yanzu in za ku goge, ku goge."

Nunzia ce ta fara magana, tana kuka tana nuna shi da biskit. "Shi ya sa ta dawo da akwatin nan! Ta ce min mota ce ta lalace! Shekara goma sha takwas ina zaginka, mugu, kana kallona kana shan gahawata!"

Tolliver ya share goshi. "To, in haka ne, ka yi haƙuri, Baba. Doka ce. Darakta bai nufa ba, ke nan yatsan kuskure ne, muryar ma kuskure ce. Duka biyun za su fita."

Tano ya gyaɗa kai. Ya san haka tun kafin ya buɗe baki. Yanzu abu biyu zai rasa, kuma ɗayan minti biyar kacal ya yi da samunsa.

"Dakata!" Farfesa Ashby ya miƙe tsaye, fuskarsa na ƙyalli kamar wanda aka yi wa wahayi. "Jama'a, ba ku ga abin da ya faru ba? Wa ya zaɓi wannan shago? Vasko! A duk mahautan Filadelfiya, me ya sa ya zaɓi mai 'ya? Wa ya zaɓi saurayin da ya kasa magana shekara uku ya ce shi ne gawa? Wa ya sa a ɗauki wurin daf da ƙarfe huɗu? Wa ya bar ƙofar baya babu mai gadi?"

"Mai gadin ban ɗaki ya zaga," in ji Tano.

"Wa ya ba shi gahawar da ta kai shi?" Farfesa ya buga tebur. "Tarko ya ɗana musu, su kansu ba su sani ba! Wannan ba muryar yarinya ba ce, muryar Mutuwa ce take ciniki da gawa! Motar ƙarfe huɗu! Ina za ta? Ku tambayi kanku, ina motar za ta?"

"Cleveland," in ji Tano.

"Cleveland!" Farfesa ya maimaita yana rufe ido, ɗalibai suka duƙufa suna rubutawa.

Tafi ya ɓarke. Masu sharhin da suka zo don a tsayar da yatsa suka dubi juna, suka ga jirgi zai tashi ya bar su, suka ce ai su dama abin da suke nufi ke nan. Wani ya yi ihu daga baya cewa a ƙidaya mai zuwa fim ɗin sai ya zama na ɗaya. 'Yan unguwa ba su fahimci ko kalma ba, amma sun ji ana cewa na ɗaya, suka tashi tsaye. Tolliver, wanda ya ga hanyar tsira daga rigima, ya sanar cewa tun da masana sun haɗu a kan darakta ya nufa, yatsa zai zauna, murya za ta zauna, kuma za a ƙara suna a jerin 'yan wasa: Filomena Bellanti, Muryar Mutuwa.

"Ba Mutuwa ba ce!" Tano ya ɗaga murya. "Mace ce mai tsoron ɓera! Scarpitti ne sunanta!"

Farfesa ya dafa kafaɗarsa cikin ƙauna. "Baba, ɗan wasa shi ne na ƙarshen fahimtar fim. Kada ka damu."

Jama'a suka kwarara waje wurin lemo da cuku, suna ta musu a kan ma'anar akwati. Nunzia ta tsaya ta rungume shi har ta ɓata masa kwat da hoda, ta ce gobe ya zo cin miyar Lahadi, kuma in ya ƙara ɓoye mata wani abu sai ta mai da shi marigayin gaske, sannan ta bi bayan masu saye tana tsince biskit a ƙasa. Dandali ya rage daga shi sai tsohuwar da babu wanda ya tuna ya sauko da ita.

Lenore Pruitt ta daɗe tana kallonsa, fuskarsa, ba takalminsa ba.

"Na yarda da kai," ta ce. "Na san Vasko. Ko jana'izar kare ba zai iya shiryawa ba, balle wannan."

"Ke ce kika sa min sunan nan, Madam."

"Ni ce. Cewa na yi ka kasa mutuwa, kuma ka kasa. A ina na yi ƙarya?" Ta gyara sandarta. "Abin da ban gani ba shi ne, a awa biyu da kwata na fim ɗin nan, yatsanka kaɗai ne mai rai. Wannan da na rubuta shi. Yanzu jaridar ma ta mutu. Kama ni mu sauka, gwiwata ba ta son matakala."

Ya kama hannunta ya sauko da ita a hankali, ya kai ta har bakin ƙofa inda jikarta ke jira. Daga nan bai bi jama'a ba. Ya ɗaga kai wajen ƙaramar tagar da hasken fim ke fitowa, inda Tolliver ke naɗe wayoyinsa.

"Ɗan nan, za ka iya sake sa min wurin? Sau ɗaya."

"Baba, ƙarfe huɗu saura kwata, akwai masu fim ɗin yara da ke jiran ɗakin."

"Daƙiƙa arba'in ne."

Tolliver ya dube shi, ya ajiye wayar hannunsa. Fitilu suka mutu.

Tano ya zauna a layin gaba shi kaɗai. Ya sunkuya da ƙyar, bayansa na ƙara, ya kwance igiyar takalmin dama, ya zare safa ya ninke ta ya sa a aljihu. Ƙafar ta tsufa, farcen ya yi kauri, sanyin ƙashi ya karkatar da yatsan har likita ya ce masa ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Ya miƙe ta a kan daɓe mai sanyi, ya jingina, ya rufe ido kamar yadda ya yi a ƙarƙashin ƙyalle.

"Gaetano, motata ƙarfe huɗu," in ji Filomena. "In kana so na tsaya, ka motsa."

Zafin ya harba masa har ƙugu, hawaye suka zubo masa, amma ya motsa. Ya cije leɓe ya ƙara na biyu, don kada ta ce ba ta gani ba.